YADDA AKE GANO MATSALAR WUTA IDAN MOTA KO TARAKTA TA ƘI TASHI

GABATARWA

Aikin gona aiki ne na lokaci. Idan ruwan shuka ya sauka, kwanakin da manomi ke da su domin yin haro da huɗa ba su da yawa. Haka kuma idan an tsinke tumatir ko tattasai, kwana guda da kayan za su yi a bakin gona suna jiran mota ya isa ya karya darajarsu a kasuwa. Saboda haka tarakta ko a-kori-kurar da ta ƙi tashi da safe tana iya jawo asarar da ta ninka kuɗin gyaranta sau da yawa.

Sau da yawa abin da ke hana mota tashi matsala ce ta wuta, kuma galibi matsalar tana jikin batir ne ko a wuraren da wayoyi suka haɗu. Amma saboda rashin bin ƙa'ida, sai a ga an sayi sabon batir ko sabon kik alhali noti guda ne ya kwance. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa malaman gona da manoma da direbobin tarakta yadda za su bi matsalar daki-daki, daga batir zuwa injin, suna gwada kowane sashe kafin su wuce zuwa na gaba. Ƙa'idar ita ce: a gwada tukuna, sannan a saya.

YADDA WUTA KE ZAGAYAWA A MOTA

Wutar mota tana tafiya ne a zagaye. Tana fita daga batir, ta bi waya zuwa na'urar da za ta yi aiki, sannan ta koma batir ta cikin ƙarfen jikin motar. Duk inda wannan zagaye ya yanke, ko ya yi ƙunci saboda tsatsa ko datti, aiki ya tsaya. Sassan da suka shafi tayar da mota sun kasu uku:

1. Sashen juya injin: batir, manyan wayoyi biyu, gidan makulli da kik. A bisa kik akwai wani ƙaramin gwangwani da makanikai ke kira solonoid. Shi ne ke tura haƙoran kik su kama babban faifan injin, kuma ya buɗe wa kik hanyar wuta.

2. Sashen kunna mai: a motar fetur, kwayil da filogi da famfon mai, a injin gas, wato dizal, hita da na'urar da ke buɗe hanyar mai.

3. Sashen caji: altaneta da fambel ɗin da ke juya ta. Ita ce ke mayar wa batir wutar da ya kashe wajen tayar da injin.

Ana auna ƙarfin wuta da bolt, wanda ake rubutawa da harafin V a jikin batir, ana kuma auna yawan wutar da ke gudana da amfiya, wadda ake rubutawa da harafin A. Ƙananan motoci da yawancin taraktoci suna aiki da bolt 12, manyan motocin ɗaukar kaya kuwa da bolt 24, wato batir biyu da aka jera. Kik shi ne ya fi kowace na'ura jan wuta: na motar fetur yakan ja amfiya 100 zuwa 200, na injin gas kuwa ya fi haka nesa. Wannan ne ya sa ɗan dattin da ba zai hana fitila kamawa ba yake iya hana kik juyawa.

KAYAN AIKIN DA AKE BUKATA

Ya kamata kowace gona ko ƙungiyar manoma da ke da tarakta ta tanadi waɗannan:

- Sifana mai lamba 10 da 13, da filaya, da sukundireba mai mariƙin roba.
- Burushin waya da samfefa.
- Mitar auna wuta. Ana samunta a shagunan kayan lantarki, kuma kuɗinta bai kai na batir ba ko kusa.
- Ƙwan gwaji, wato ƙwan fitilar mota mai bolt 12 da aka ɗaura wa waya biyu.
- Wayoyin jona batir masu kauri, ja da baƙa.
- Fiyus na ajiya, da tataccen ruwan batir, da ɗan giris.

MATAKAN KARIYA KAFIN A FARA

1. A tsayar da motar a wuri mai lebur, a ja birkin hannu, a sa giya a firi, a kuma tokare tayoyi da dutse ko katako. Idan tarakta ce, a sauke garma ko haro ƙasa, a kashe sandar da ke juya kayan aiki ta baya.

2. Batir yana fitar da iska mai kama wuta, musamman lokacin caji. Kada a sha taba, ko a kunna ashana ko fitilar kwai kusa da shi.

3. Ruwan da ke cikin batir asid ne. Idan ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti idan ido ne.

4. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a ɗora sifana a kan batir, domin idan ta haɗa kawunan biyu za ta yi ja nan take.

5. Wajen kwance batir, a fara cire wayar da ke kan mai alamar ɗebewa (-). Wajen mayarwa kuwa, ita ce ta ƙarshe.

A SAURARI ABIN DA MOTAR KE FAƊA

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, a kunna fitilun gaba, a murza makulli, a saurara, a kuma sa wani ya dubi fitilun. Abin da aka ji da abin da aka gani zai nuna inda za a fara.

- Shiru, babu fitila, babu hon: batir ya mutu, ko kansa ya kwance, ko babban fiyus ya ƙone.
- Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas a jere, fitilu suna dushewa: batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun yi datti.
- Ƙas sau ɗaya, fitilu ba su dushe ba: wuta tana isa solonoid, amma kik bai juya ba.
- Shiru, amma fitilu suna haske sosai: wuta ba ta isa solonoid. A duba fiyus, gidan makulli da makunnin kariya.
- Injin yana juyawa a hankali kamar mai jin nauyi: batir mai rauni, ko waya mai tsatsa, ko kik da ya gaji.
- Injin yana juyawa da kyau amma bai kama ba: batir da kik lafiya suke. Matsalar tana wajen tartsatsi ko wajen mai.

MATAKI NA ƊAYA: BATIR

A fara da kallo. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake yoyo, ba a yi masa caji. Sai dai a canza shi. Idan batir ne mai marufai a sama, a buɗe su a leƙa. Ya kamata ruwa ya rufe farantan dalmar da ke ciki da kimanin milimita 10 zuwa 15. Idan ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai. Kada a zuba ruwan rijiya ko na famfo, domin gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan. Kada kuma a ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙafewa saboda zafi, asid ɗin yana nan.

Bayan haka sai a auna. A juya mita zuwa wurin auna bolt 20 na wutar batir, a ɗora jan tsinke a kan mai alamar tarawa (+), baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa (-). Kan mai alamar tarawa ya fi ɗan'uwansa kauri kaɗan. An fi samun sahihin sakamako idan motar ta kwana a kashe. Ga ma'anar abin da mita za ta nuna:

- 12.6 ko fiye: batir cike yake.
- 12.4: saura kimanin kashi uku cikin huɗu.
- 12.2: saura kimanin rabi.
- 12.0: saura kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.
- Ƙasa da 11.9: babu caji.
- Kimanin 10.5, ko da bayan an yi caji: alama ce ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu, domin kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1.

Batir yana iya nuna 12.6 yana zaune, amma ya kasa idan aka ɗora masa nauyi. Don haka a bar tsinken mita a kansa, wani ya murza makulli. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke ƙoƙarin juyawa, batirin ya yi rauni. A kai shi caji a hankali, a sake gwadawa. Idan ya sake faɗuwa bayan cikakken caji, to ya ƙare aiki.

Wajen sayen sabo, a duba lambar da ke gaban haruffan Ah a jikin tsohon, a sayi daidai da ita ko sama kaɗan. Batirin ƙaramar mota ba zai ɗauki nauyin injin tarakta ba.

MATAKI NA BIYU: KAWUNAN BATIR DA MANYAN WAYOYI

Idan batir ya nuna lafiya, a koma kan mahaɗinsa. A kama kowane mariƙin waya da hannu a gwada murza shi. Idan ya motsa, ya kwance. Idan an ga farin gari ko kore-kore ya taru a kansa, wuta ba ta wucewa yadda ya kamata.

Yadda ake wankewa:

1. A cire wayar (-), sannan ta (+).
2. A jiƙa ɗan soda ta girki ko kanwa a ruwan ɗumi, a wanke kawunan da mariƙan. A tabbata marufai a rufe suke, kada wannan ruwa ya shiga cikin batir.
3. A goge da burushin waya ko samfefa har sai dalmar ta yi ƙyalli, ciki da waje.
4. A mayar da ta (+), sannan ta (-), a ɗaure sosai.
5. A shafa ɗan giris a sama bayan an ɗaure.

Kada a buga mariƙi da dutse ko guduma, kada kuma a cusa ƙusa domin a matse shi. Yin haka yana fasa murfin batir. Mariƙin da ya buɗe a canza shi.

Daga nan a bi manyan wayoyin biyu zuwa ƙarshensu. Ta (+) tana zuwa kik. Ta (-) tana ɗaure a jikin mota ko jikin injin, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Inda ta ɗauru yakan yi tsatsa, ko fenti da taɓo su shiga tsakani. A kwance, a kankare wurin har ƙarfe ya fito, a mayar.

Akwai hanya biyu ta gane mahaɗin da ke tare wuta. Ta farko, a murza makulli na ɗan lokaci, sannan a taɓa kowane mahaɗi da hannu cikin hankali. Wanda ya yi zafi shi ne mai laifi. Ta biyu, a ɗora tsinke ɗaya na mita a kan (-) na batir, ɗayan a ƙarfen injin, wani ya murza makulli. Idan mita ta nuna fiye da rabin bolt, wayar jikin ko mahaɗinta ba su da kyau. Haka ake gwada wayar (+), daga batir zuwa babban notin kik.

MATAKI NA UKU: FIYUS, GIDAN MAKULLI DA MAKUNNIN KARIYA

Idan fitilu suna haske amma kik ya yi shiru, a buɗe akwatin fiyus. Yawanci akwai zane a cikin murfin da ke nuna aikin kowanne. A zaro fiyus a ɗaga shi wajen haske. Idan siririn ƙarfen ciki ya tsinke, ya ƙone. Launin fiyus yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A mayar da mai launi da lamba iri ɗaya.

Kada a ɗaure fiyus da waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Aikin fiyus shi ne ya ƙone domin ya tsare sauran wayoyi; idan aka hana shi ƙonewa, wayoyin ne za su ƙone, wani lokaci har da motar. Idan sabon fiyus ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta saluɓe tana taɓa ƙarfe. A neme ta a inda wayoyi ke gogar ƙarfe, da kusa da salansa, da inda ɓeraye suka yi sheƙa.

A cikin akwatin akwai kuma wasu ƙananan makunnai masu kusurwa huɗu da ake kira rile. Idan ana zargin na kik, a musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon, a gwada.

Makunnin kariya shi ne wanda ke hana injin tashi idan mota tana cikin giya. A mota mai canza giya da kanta, sai sandar tana kan P ko N. A wasu motocin da taraktoci, sai an taka kuloci har ƙasa. A tsofaffin taraktocin Massey Ferguson irin su 135 da 165, sai gajeriyar sandar giya tana tsakiya, wurin harafin S. Wasu sababbin taraktoci ba sa tashi sai direba yana zaune kuma sandar baya a kashe take. Sau da yawa girgiza sandar giya kaɗan ya isa ya sa makunnin ya kama. Idan wayarsa ta fita ne ko ta yi taɓo, a wanke a mayar.

MATAKI NA HUƊU: KIK

A jikin solonoid akwai babbar waya daga batir, da kuma wata siririya daga gidan makulli. A zare siririyar, a haɗa ta da waya ɗaya ta ƙwan gwaji, a taɓa ɗayar a ƙarfen injin. Wani ya zauna a kujerar direba ya murza makulli.

- Idan ƙwan bai kama ba, kik ba shi da laifi. A koma mataki na uku.
- Idan ƙwan ya kama, kuma an tabbatar da batir da manyan wayoyi, to laifin yana cikin solonoid ko kik.

Abin da ya fi lalacewa a cikin kik shi ne burushi, wato 'yan gutsattsarin gawayin da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa. Idan an ƙwanƙwasa jikin kik a hankali da mariƙin guduma sai ya juya, alama ce burushin ya cinye. Wannan dabara ta fitar da mota daga gona ce kawai. A kai kik wurin mai gyara a canza burushin, wanda kuɗinsa bai kai na sabon kik ba. Idan kuwa kik yana juyawa da sauri shi kaɗai ba tare da ya juya injin ba, haƙoransa ne ba su kama faifan injin ba.

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda. A huta na minti ɗaya kafin a sake. Dagewa a kan makulli yana ƙona kik, ya kuma zuƙe batir.

Gargaɗi: kada a tayar da tarakta ta hanyar haɗa notin solonoid da sukundireba ana tsaye a ƙasa. Yin haka yana tsallake makunnin kariya. Idan tarakta tana cikin giya za ta zabura nan take, kuma mai wannan aiki yana tsaye ne daidai gaban babbar tayar baya. Wannan hanya ta yi sanadin mutuwar mutane a gonaki. Tarakta daga kan kujera kaɗai ake tayar da ita.

IDAN INJIN YANA JUYAWA AMMA BAI KAMA BA

A fara tabbatar da cewa akwai mai a tanki, domin allurar mai takan yi ƙarya.

Motar fetur

A murza makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, a saurara. A motocin da famfon mai ke cikin tanki, za a ji ɗan gunji na kimanin daƙiƙa 2 daga baya. Idan ba a ji ba, a duba fiyus da rile na famfon.

Sannan a gwada tartsatsi. A kwance filogi ɗaya, a mayar da shi cikin wayarsa, a kwantar da gindinsa a kan ƙarfen injin, nesa da ramin da aka ciro shi da kuma duk inda fetur ya zuba. Kada a riƙe shi da hannu. Wani ya murza makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alama ce ta lafiya. Ja mai rauni ko rashinsa alama ce ta matsala.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 a-kori-kura, a buɗe murfin distiributa. Da damina raɓa takan taru a ciki. A goge da busasshen ƙyalle. A duba ko murfin ya tsage, a kuma duba bakin kwantak. Idan ya ƙone a goge shi da samfefa mai laushi, a daidaita buɗewarsa zuwa kimanin milimita 0.4.

A motocin zamani kwamfuta ce ke sarrafa tartsatsi da mai. Idan fitila mai hoton makulli tana ta ƙiftawa, motar ba ta gane makullin ba. A gwada na ajiya. Motocin da aka yi domin kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da mahaɗi a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar da ke karanta matsala. A irin waɗannan motoci, gara a biya kuɗin karantawa da a yi ta canza kaya bisa zato.

Injin gas

Injin gas ba ya amfani da tartsatsi. Matsa iska ne ke haifar da zafin da ke kunna man, don haka dole ne injin ya juya da sauri. Batirin da ya ɗan yi rauni yana iya juya injin amma ya kasa tayar da shi, musamman da sanyin safiya a lokacin hunturu. A yi amfani da hita: a jira fitilarta ta mutu, ko a riƙe makulli a wurin ɗumama na daƙiƙa 10 zuwa 15. Idan farin hayaƙi yana fita amma injin bai kama ba, mai yana zuwa, zafi ne ya gaza. A duba hita da fiyus ɗinta.

Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa. A tsofaffin taraktoci a duba ko an mayar da sandar kashe injin ciki. A waɗanda ake kashewa da makulli, akwai ɗan solonoid a jikin famfon mai wanda ke yin ƙas idan an murza makulli. Idan bai yi ba, a gwada wayarsa da ƙwan gwaji. Idan duk wannan lafiya ne, matsalar ba ta wuta ba ce. A duba matatar mai, ko iska da ta shiga bututu.

DALILIN DA KE SA BATIR YAWAN MUTUWA

Idan batir yana mutuwa bayan kowane 'yan kwanaki, canza shi ba zai magance matsalar ba. Ko dai ba ya samun caji, ko wani abu yana zuƙe shi.

Domin gwada caji, a tayar da injin, a ɗan ƙara masa wuta, a auna kan batir. Ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da 13 yana nufin altaneta ba ta caji. Sama da 15 yana nufin caji ya yi yawa, kuma zai ƙafar da ruwan batir. Idan caji ya yi ƙasa, a kashe injin a danna fambel da yatsa a tsakiya. Kada ya lotsa fiye da kimanin santimita 1. Fitila mai hoton batir ya kamata ta kama idan an murza makulli, ta mutu idan injin ya tashi.

Kada a cire kan batir injin yana aiki da sunan gwada altaneta. Wannan yana iya ƙona altanetar da kwamfutar motar.

Domin gano mai zuƙe wuta, a kashe komai, a cire wayar (-), a sa ƙwan gwaji tsakaninta da kan batir. Idan ya kama da haske, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. Layin wannan fiyus ne ke da matsala. Rediyo, fitilun ƙari da wurin cajin waya da aka jona kai tsaye a batir su ne aka fi kamawa da wannan laifi.

YADDA AKE JONA BATIR

A tabbata batiran biyu ƙarfinsu ɗaya ne. Kada a jona mai bolt 24 da mai 12. Kada motocin biyu su taɓa juna.

1. Jar waya a kan (+) na mataccen batir.
2. Ɗaya bakin jar a kan (+) na mai rai.
3. Baƙar waya a kan (-) na mai rai.
4. Ɗaya bakin baƙar a ƙarfen injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batir.

A tayar da mai rai, a bar ta ta yi aiki na kimanin minti 5, sannan a gwada ɗayar. Idan ta tashi, a cire wayoyin daga na huɗu zuwa na ɗaya. Juya wayoyi, ko da na ƙiftawar ido ne, yana ƙona altaneta. Motar da ke canza giya da kanta ba a tayar da ita da turi.

RIGAKAFI

- Kowane mako: a duba ruwan batir, matsewar kawunansa, da ƙarfen da ke riƙe shi. Girgizar hanyar gona tana kakkarya farantan batirin da ba a ɗaure ba.
- Kowane wata: a goge saman batir, a duba fambel da wayoyin da suka saluɓe.
- Wajen wanki: kada a watsa ruwa kai tsaye a kan altaneta, akwatin fiyus ko distiributa.
- Kafin a yi walda a jikin tarakta ko tirela: a cire wayoyin batir.
- Bayan kaka: batirin da aka bari ba caji yakan yi gishiri a farantansa, kuma zafin bazara yana hanzarta hakan. A cire shi, a ajiye a inuwa, a yi masa caji sau ɗaya a wata. Kada a ajiye tarakta kusa da rumbu ko buhunan hatsi, saboda ɓeraye suna cin rigar wayoyi.
- Wata guda kafin faɗuwar damina: a mayar da batir, a tayar da tarakta, a auna caji. Duk gyaran da ake bukata a yi shi kafin layi ya yi tsawo a wurin makanikai.

SHAWARA GA MALAMAN GONA

An fi fahimtar wannan darasi a gaban tarakta. A tara direbobi da shugabannin ƙungiyoyin manoma kafin damina, a sassauta kan batir ko a zare fiyus ɗaya ba tare da sun gani ba, sannan a bar su su gano matsalar da kansu bisa matakan da aka jera. A koya wa kowa karanta mita. A kuma shawarci ƙungiyoyi su ajiye littafi ga kowace tarakta, inda za a rubuta ranar sayen batir, ranar caji da duk gyaran da aka yi.

A nemi ƙwararren mai gyaran wayoyi idan an ji warin ƙonewa, ko wayoyi sun narke, ko fiyus yana ta ƙonewa ba a gano dalili ba, ko kuma matsalar ta shafi cikin altaneta, kik ko kwamfuta. Manomin da ya riga ya bi waɗannan matakai zai iya faɗa wa mai gyara abin da ya gwada da abin da mita ta nuna, wanda zai rage lokaci da kuɗin gyara.

KAMMALAWA

Idan mota ko tarakta ta ƙi tashi, a saurari ƙararta, a dubi fitilunta, sannan a bi tsari: batir, kawunansa da manyan wayoyi, fiyus da makunnin kariya, kik, sannan tartsatsi ko mai. Bayan ta tashi, a auna caji domin kada matsalar ta dawo. Kada a tsallake mataki, kada a sayi wani abu sai gwaji ya nuna shi ne ya lalace, kada kuma a tayar da tarakta ana tsaye a ƙasa. Domin ƙarin bayani sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko sashen injiniyoyi na ofishin aikin gona na jiha.